Sista, Matar Samanja, Kakata: Abin da muka binne ba mu rubuta ba

Ranar sadakar bakwai ta kakata wadda ta haifi mahaifiyata, ina zaune a ƙofar gida tare da kawunnaina muna karɓar gaisuwa, sai na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai har yau. Masu zuwa ta'aziyya ba da suna ɗaya suke kiran marigayiyar ba. Tsofaffin matan da ke wucewa ta zaure zuwa cikin gida cewa suke, "Allah Ya jiƙan Sista." Wasu dattawa biyu, ɗaya mutumin Zuru ɗaya Tibi, waɗanda duk da sandunan da suke dogarawa sai da suka ƙame kafin su zauna, cewa suka yi sun zo gaisuwar Matar Samanja. Mu kuwa jikoki, Iya muka buɗe ido muka ji ana ce mata. Sunanta na yanka liman kaɗai na ji ya ambata a wurin addu'a, ni ma ba zan ambace shi a nan ba, domin a gidanmu ba a kama sunanta, kuma duk 'yan matan da aka yi mata takwara da su da laƙabi ake kiransu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo labarin kakar wani cikin shafin da aka saba tattauna al'amuran ƙasa? Amsata ita ce, ni malamin kimiyyar harshe ne. Na shafe shekaru ina yawo da rakoda a ƙauyuka ina ɗaukar muryoyin tsofaffi domin nazarin karin harshe, har aka ba ni digirin dakta a kan haka. Amma tsohuwar da ta fi kowa sanin yadda ake aiki da Hausa a wurin da kuskuren kalma ɗaya ke iya jawo asarar rai, tana cikin gidanmu fiye da shekara arba'in na rayuwata, ban taɓa ɗaukar muryarta ko da na minti biyar ba. Kullum cewa nake sai hutu mai zuwa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Na kuma tabbata ba ni kaɗai ke da irin wannan tsohuwa ba, kuma ba ni kaɗai na yi irin wannan sakaci ba.

Yarinyar da aka kama aka kai boko

An haife ta a wani gari na lardin Zazzau wajen farkon Yaƙin Duniya na Biyu. A zamanin, sa 'ya mace a makarantar boko ba kasafai yake zama zaɓin iyaye ba. En'e ce ke yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuma ya ɗora wa wanda ba shi da bakin musu. Mahaifinta yana cikin marasa bakin musun. Ta sha ba mu labarin cewa ranar da aka tafi da ita, kakarta ta yi kuka kamar an fitar da gawa.

Da ta kammala, hanya biyu ce a buɗe ga 'ya mace mai ilimin boko a Arewa: koyarwa ko jinya. Koyarwa ta fi mutunci a idon jama'a, domin ita ma'aikaciyar jinya tana kwana a waje, tana taɓa jikin mazan da ba muharramanta ba, ga kuma gajeriyar riga. Duk da haka jinya ta zaɓa, kuma dalilinta ɗaya ne. Yayarta ta kwana uku tana naƙudar fari a ɗaki, tana ɓoyewa saboda kunya, sai a rana ta huɗu aka ɗora ta a kan jaki za a nufi asibiti, ta cika a hanya. Iya ta ce tun daga ranar ta ƙudurta cewa sai ta san abin da ke kashe mata a wurin haihuwa. A ƙarshen shekarun 1950 ta shiga koyon aikin jinya a Kano, daga baya ta ƙara da ungozomanci.

Tarihi ya adana sunayen kaɗan daga cikin tsararsu. An san Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta tarayya a 1965. An san Victoria Gowon, ma'aikaciyar jinya daga Zariya da ta auri shugaban ƙasa na soja a Legas a 1969, ana tsakiyar yaƙi. Amma a bayan waɗannan akwai ɗimbin mata irin Iya da suka riƙe ɗakunan haihuwa daga Sakkwato zuwa Yola, waɗanda babu sunansu a littafin kowa.

Tafinta tsakanin likita da majiyyaci

Abin da ba a cika faɗa ba game da asibitocin Arewa na wancan lokaci shi ne, akasarin likitocin ba sa jin Hausa sosai. Akwai Turawa, akwai Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa, akwai 'yan'uwanmu na Kudu. Majiyyatan kuwa ba sa jin Turanci. Saboda haka duk abin da likita zai sani game da ciwo, ta bakin nas yake biyowa, duk abin da majiyyaci zai fahimta game da magani, ta bakinta yake fitowa. Ba a ɗauke ta aikin tafinta ba, ba a koya mata tafinta ba, ba a kuma biya ta kuɗin tafinta ba, amma rabin aikinta ke nan.

Kuma fassarar ba ta kalma da kalma ba ce. Iya takan ce, "Bahaushe ko yana bakin kabari ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka." Sabon likita da ya koyi 'yan kalmomi, idan ya ji "da sauƙi" sai ya ɗauki biro zai sallami mutum. Ita ce za ta ce masa ya dakata, wannan gaisuwa ce aka amsa, ba a fara bayanin ciwo ba tukuna. Mace ba za ta ce tana da ciki ba, sai dai ta ce ta yi ɓatan wata. Ba za ta ce tana jinin al'ada ba, sai ta ce ba ta salla. Idan ta ce sanyi ke damunta, yana iya zama mura, yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama cutar da ta ɗauka wurin miji wadda ba za ta iya furtawa a gaban namiji ba. Idan ta ce zuciyarta ke ciwo, sai an duba inda ta ɗora hannu, a kuma duba fuskarta, domin wataƙila ƙwannafi ne, wataƙila kuma kishiya aka yi mata. Basir kuwa buhu ne da ake zuba cututtuka da yawa a ciki. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara mana kalmomi masu yawa, amma babu ƙamusun da zai gaya maka wace ma'ana wannan matar da ke zaune a gabanka take nufi a wannan safiya.

Binciken masana ya zo ya tabbatar da abin da su Iya suka sani da idonsu. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Babban abin da ya fito shi ne, matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba su yi makaranta ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Irin doguwar naƙudar da ta kashe yayar Iya ita ce kuma ke barin wasu da yoyon fitsari, lalurar da Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya shafe shekaru yana yi wa dubban mata aikinta a Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980. To, wace ce za ta shawo kan miji da suruka su bar yarinya ta zo awo tun ciki yana ƙarami? Aikin baki ne, kuma nas ce ke yin sa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na wankan jego. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun nuna cewa yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin yana da alaƙa da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kuma shan kunun kanwa mai yawa, domin kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi. Wasu ma'aikatan da suka ji haka sai suka shiga gaya wa mata cewa al'adarsu jahilci ce. Matan suka ce to, suka koma gida suka ci gaba. Iya ba ta taɓa cewa a daina ba. Tsohuwar da za ta yi wa mai jego wanka take kira gefe, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, ke ce likitarta a gida, ni nan kwana biyu kawai zan yi da ita. Ki taimake ni ki sirka ruwan, kanwar kuma a ɗan ɗanɗana kawai. In kin ga ƙafa ta kumbura ko tana haki, ke za ki fara gani, ki aiko mini." Ta mayar da wadda za ta zama abokiyar gaba ta koma abokiyar aiki. Mu a aji muna da dogayen sunaye ga irin wannan dabara ta magana. Ita kuwa cewa take, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Zaman bariki

Wajen lokacin samun 'yancin kai ta auri kakana, wanda ya shiga soja a matsayin kurtu a Zariya, ya yi kofur, ya yi saje, har ya kai samanja. Suna da jaririya, wato mahaifiyata, aka tura shi Kwango cikin sojojin Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. A nan Iya ta fara koyon darasin farko na matar soja, wato jira.

Bariki wata ƙasa ce mai harshenta. Tun daga ƙaramar rundunar da Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa, zuwa rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya jagoranta a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce harshen da ya haɗa sojoji, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Daga baya Turanci ya karɓe matsayin harshen umarni, amma a layin iyali Hausa ta ci gaba da mulki. Sai dai Hausa ce ta daban, wadda masana ke kira Barikanci: babu bambancin jinsi, mace "ya zo" namiji "ya zo", babu ƙa babu ɗa babu ɓa, ga kalmomin aro birjik. Daga can muka samo soja da hafsa da fareti da gadirum da samanja kanta. Iya ta iya Barikanci kamar a ciki aka haife ta. Idan tana magana da matar wani kofur Bachama ko Angas, sai ka rantse ba Bazazzagiya ba ce. Amma idan ɗayanmu ya kuskura ya ce "Iya ya dawo" a cikin gida, sai ya sha ranƙwashi. Tun kafin in karanta a littafi cewa mai hikima yana sauya harshe gwargwadon wanda ke gabansa, na gani a tsakar gidanmu.

A kowace bariki akwai magajiya, shugabar matan sojoji, mai sasanta rigima da kai kuka gaban hukuma. Akwai kuma kasuwar mami, wadda ta samo sunanta daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. Iya ba ta taɓa zama magajiya ba, amma babu magajiyar da ta yi aiki ba tare da ita ba. Da rana tana ɗakin shan magani, da dare kuma ƙofarta ake bugawa. Ta karɓi haihuwar Tibi da Idoma da Yarbawa da Ibo da Barebari a kan tabarma, da fitilar ƙwai. Takan ce abu na farko da take koya a kowane harshe shi ne yadda ake cewa sannu. Har ta tsufa, idan jikanta ya faɗi ya ƙuje gwiwa, sai ka ji ta haɗa masa uku a jere: sannu, pele, ndo.

Wannan "ndo" tana da tarihi. A 1966 suna barikin Inugu. Bayan juyin mulkin Janairu da na Yuli, aka yanke shawarar kowane soja ya koma yankinsa, a watan Agusta aka kwaso sojojin Arewa da iyalansu a jirgin ƙasa. Maƙwabciyarta, 'yar ƙabilar Ibo, wadda Iya ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu, ita ta taya ta ɗaure kaya cikin dare, ta dafa mata abincin hanya, alhali mazajensu sun daina haɗa ido. Iya ta bar mata keken ɗinkinta ajiya, a kan cewa in ƙura ta lafa za ta dawo ta karɓa. Ba su sake ganin juna ba.

Yaƙi, da abin da ya biyo shi gida

Yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970. A cikin wannan ɗan lokaci rundunar sojan Nijeriya ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000. Kakana yana bakin daga, Iya tana Kaduna cikin masu karɓar waɗanda aka raunata. Ta ce duk ranar da aka kawo sababbi, kafin ta duba rauni fuska take fara dubawa, sai ta tabbatar ba shi ba ne sannan hannunta ya daina rawa.

Akwai wani aiki da aka ɗora mata wanda ba ya cikin takardar ɗaukarta aiki. Idan saƙon mutuwar soja ya iso, layi biyu ne cikin Turanci. Wani ne zai mayar da layi biyun nan maganar da yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, mai goyo, wadda aka kawo daga ƙauye bara, za ta iya ɗauka ba ta zauce ba. Sai magajiya ta biyo wa Iya su tafi tare. Ta ce ba a shiga da labari. Ana shiga da sallama, a zauna, a karɓi goyon a riƙe, a sa wata maƙwabciya ta matso kusa, sannan a fara da cewa an sami saƙo, jiki ya yi tsanani, sai addu'a. Kafin a kai ga "sai haƙuri", matar ta riga ta gane, ta kuma gane a cikin mutane. Bayan kwanaki kaɗan kuma sai maganar tashi daga gidan gwamnati ta taso, domin ɗakin na mai lamba ne, mai lamba kuwa ya tafi.

Kakana ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku, amma ba mutumin da ya tafi ne ya dawo ba. Ba ya son ƙaurin nama a wuta. Idan aka yi tsawa cikin dare sai a same shi a ƙarƙashin gado. Yakan yi kwana uku bai ce uffan ba. Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne, aka kawo rubutu da turare. Iya ba ta hana ba, amma ta san abin da take gani, domin ta gan shi a gadajen asibiti. Takan bar fitila a kunne, ta zauna kusa da shi har asuba, da safe ta ɗaura ɗamara ta tafi aiki. Idan aka tambaye ta me ke damun Samanja, sai ta ce, "Yaƙi ne ya biyo shi gida." Na zauna a tarurrukan ƙirƙirar kalmomi inda muka yi ta fama da yadda za a fassara sunan da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba wannan lalura. Har yau ban ji fassarar da ta kai tata ba.

Wannan ba tsohon labari ba ne. Tun daga 2009 sojojinmu ke yaƙi a Arewa maso Gabas, daga baya aka ƙara da dazuzzukan Arewa maso Yamma. A Agustan 2014 matan sojoji sun tare ƙofar barikin Giwa a Maiduguri suna cewa ba za a kai mazajensu daga ba sai da isassun makamai. A kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya, kuma ya dace a yi. Amma matar da yaƙi ya biyo mijinta gida, wadda ke jinyarsa ba albashi ba horo, ban taɓa jin an ambace ta a jawabin ranar ba.

Zauren da ya zama asibiti

Ni a tsufanta na san ta sosai, bayan kakana ya rasu ita kuma ta yi ritaya. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne. "Maigida" take ce mini, ta ce na cika rowa ban taɓa kawo cefane ba. Ranar da na kai mata labarin an ba ni dakta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Maigida, zo ka duba mini hawan jini." Na ce ai ba irin wannan dakta ba ne, ni na harshe ne. Ta ce, "Af, daktan surutu. Ai da ka faɗa mini da na koya maka kyauta." Muka yi dariya. Sai yanzu na gane ba wasa kaɗai take yi ba.

Zaurenta bai taɓa rabuwa da mata ba. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka yi ta yayata ruwan gishiri da sukari domin yara masu gudawa. Ma'aunin da aka koyar a lokacin shi ne kwalbar giya ɗaya ta ruwa, ko kwalbar lemo biyu. Iya ta ce duk wanda ya shiga gidan malam yana zancen kwalbar giya ya gama kashe saƙonsa da kansa, don haka ita kwalbar lemo kawai take ambata. Abu ne ƙarami, amma irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke raba shirin da ya karɓu da wanda ya mutu a takarda.

Haka kuma a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Ina ganin yadda take yi da maƙwabta. Ba ta ce musu jahilai ba. Takan fara da yarda cewa tambayarsu tana kan hanya: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓi sai mun sayi magani? Sannan ta naɗe hannun riga ta nuna musu tabon lambar da ke damtsenta, ta ce ita ta ga agana da idonta, ta ga yadda take makantar da yara, tana cikin waɗanda suka yi wa mutane lamba a ƙarshen shekarun 1960, kuma daga 1970 ba a sake ganin cutar a ƙasar nan ba. Sai ta kira jikanta ta sa a ɗiga masa a gabansu. Ko sunan cutar ma takan warware musu shi, ta ce Inna ba ta shan ƙafar kowa, ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta ta shiga ta baki. Allah Ya ja kwananta har ta ji sanarwar da aka yi a Agustan 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

Sakayyar da ta samu kuwa, abin kunya ne in faɗa. Duk lokacin da aka yi wa kakana canjin wurin aiki, sai ta ajiye nata ta bi shi, ta sake neman wani daga ƙasa. Ta yi wa En'e aiki, ta yi wa gwamnatin Jihar Arewa, ta yi wa soja a matsayin farar hula, ta yi wa jiha. Da aka zo lissafin fansho, sai shekarunta suka zama guntu-guntu, waɗanda ta koya wa ɗaura bandeji suka yi ritaya a sama da ita. Na taɓa raka ta wata tantancewar 'yan fansho, tana da shekara fiye da saba'in, muka wuni a layi. Da muka isa gaban tebur, wani matashi ya ce sai ta kawo takardar ɗaukarta aiki ta farko, daga gwamnatin da aka rushe tun 1967. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, a wane asibiti aka haife ka?" Ya faɗa. Ta ce, "To je ka tambayi mahaifiyarka ko ta san Sista."

Abin da ya rage gare mu

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa ya san yankinmu ne ya fi ɗaukar kaso mai nauyi. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ya bayyana cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ba na zargin wanda ya tafi, domin na ga yadda aka yi da wadda ta zauna. Amma ya kamata mu san abin da muke asara. Nas ɗin da ta tafi Ingila ko Saudiyya ta tafi da hannunta, ta kuma tafi da kunnen da ke jin abin da ke bayan "da sauƙi".

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori uku. Ga makarantun koyon jinya da na likitanci a Arewa: a mayar da magana da majiyyaci cikin Hausa, da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunanmu, darasi mai jarrabawa, a kuma gayyato tsofaffin sistoci su koyar da shi tun suna raye. Ga hukumomin soja da gwamnatoci: a samar da hanyar da matar soja mai sana'a za ta bi mijinta ba tare da shekarun aikinta sun zube ba, a kuma dubi halin gwauraye da masu jinyar waɗanda yaƙi ya taɓa. Na uku kuwa gare mu ne, mu malaman jami'a. Littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, ya wanzu ne domin wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna ta saurari tsohuwa Bahaushiya ta rubuta abin da ta ce. Shekara saba'in bayan haka, muna da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i da dama, muna da Gidan Arewa a Kaduna, kowannenmu kuma yana da rakoda a aljihunsa cikin wayarsa. Ba mu da hanzari. Ɗalibi ɗaya, tsohuwar nas ɗaya, awa goma na hira: cikin shekara biyu za mu tara abin da babu shi a kowane ɗakin karatu a duniya.

Bayan arba'in, aka buɗe akwatin ƙarfen kakana wanda ta ajiye kayanta a ciki. Akwai farar hularta ta aiki, da agogon da ake maƙalawa a ƙirji, da ɗan ƙahon da take ɗorawa a cikin mai juna biyu ta saurari bugun zuciyar jariri. A ƙasa kuma akwai littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, guda shida. Ashe duk haihuwar da ta karɓa a gida, ba a asibiti ba, tana rubutawa: rana, sunan uwa, namiji ko mace, sai kalma ɗaya a ƙarshe, "lafiya". A wasu layukan, ba su da yawa, maimakon "lafiya" sai ta rubuta "Allah Ya jiƙanta". Na fara ƙirgawa, na kai tsakiyar littafi na biyu na kasa ci gaba. Ita ta rubuta nata. Abin da ta faɗa wa waɗannan mata a cikin waɗancan darare, wanda shi ne nawa aikin in rubuta, ya bi ta kabari.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya jiƙan Samanja, Ya saka wa duk masu jinyar bayinSa da alheri. Wanda kuma tasa tsohuwar ke raye, ya je ya gaishe ta a wannan mako, ya zauna, ya kunna wayarsa.